Ladan Wanda Ya Sayi Kantu Ya Cinye Abinsa

A gari irin Gadarif na gabashin Sudan, inda ridi da dawa suke riƙe da arzikin jama'a, ƙungiyar matasa da ke neman kuɗin wani aikin alheri ba ta daɗewa tana shawara kafin wani ya kawo zancen faranti. Ko tabarmin masallacin unguwa ne suka mutu, ko makarantar dare ce ke son fitila da littattafai, ko wani ɗan ƙungiya ne ke kwance a asibiti, hanya biyu ce a buɗe. Ta farko a ɗauki takarda a bi gida-gida da shago-shago ana neman gudummawa. Ta biyu a haɗa ɗan jari, a sayo ridi da gyaɗa da sukari da fulawa, iyaye mata da yayye su kama aiki, a fito da kantun ridi, wanda mutanen Sudan ke kira simsimiyya, da kantun gyaɗa da gireba da ka'ak, a kasa su a bakin makaranta ko a kasuwar taimako, ribar ta shiga asusu. Sai mutum ya zo wucewa ya tsaya, ya dubi kayan, ya ce shi ba ya son na gyaɗa, a ƙunsa masa gireba biyar, ya biya ya tafi yana ci. Me wannan mutumin ya yi a wurin Allah? Wasu za su ce sadaka ya yi, tunda kuɗinsa masallaci za su tafi. Wasu za su ce sadakar me, mutumin da har zaɓe ya tsaya yi, ya ɗauki abin da bakinsa ke marmari? A ganina ciniki ya yi, kuma duk alherin da ke cikin wannan hanya ya dogara ne ga a bar ta ta zama ciniki na gaskiya, har da zaɓen nan da ake zargin shi ne ya ɓata ta.

Inda wannan hanya ta fi girma a duniya shi ne Amurka, kuma leƙawa can tana nuna yadda abin yake idan ya kai maƙura. Ƙungiyar 'yan mata ta Girl Scouts, wadda Juliette Gordon Low ta kafa a birnin Savannah a 1912, ta fara sayar da biskit a 1917, lokacin da wani rukuninta a garin Muskogee na jihar Oklahoma ya gasa nasa ya sayar a ɗakin cin abincin wata makarantar sakandare. A 1936 uwar ƙungiyar ta fara ba kamfanoni izinin gasawa da sunanta. Yau kamfani biyu ke yin aikin, ABC Bakers da Little Brownie Bakers, kuma akan sayar da kimanin kwali miliyan 200 a 'yan watannin farkon shekara. A zamanin yaƙin duniya na biyu, da sukari da fulawa da man shanu suka yi wuya, kalanda suka koma sayarwa. Kowace shekara Amurkawa suna gardamar wanne ya fi daɗi: Thin Mints mai cakulan da na'ana'a shi ke kan gaba wajen ciniki, akwai Samoas mai kwakwa da narkakken sukari, da Tagalongs mai markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da Trefoils wanda ba shi da wani ado, ɗan'uwan girebarmu. Nau'in da bai karɓu ba akan janye shi a kawo wani. Dokar harajin ƙasar ma tana da nata hukunci: wanda ya sayi kwali ya ci abinsa, ba a lissafa masa kuɗin a matsayin kyauta wajen rangwamen haraji, sai in ya biya ya bar musu kayan. Masu karɓar haraji ba malamai ba ne, amma iyakar da suka ja ita ce wadda fiƙihu ya ja tun da daɗewa.

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen Sudan da ƙasar Hausa ke bi, idan aka miƙa kaya aka karɓi kuɗi a madadinsu, bai'i aka yi, kuma sharuɗɗansa sun hau kan kowa: kayan su kasance masu tsarki da amfani, a san yawansu da farashinsu, ɓangare biyu su yarda. Sadaka kuwa mallaka wa wani abu ce ba tare da an karɓi komai ba, don neman lada. Wannan rabewa tana da sakamako a aikace. Mai saye yana da ikon mayar da kayan idan ya tarar da aibi. Ba zai lissafa kuɗin cikin zakkarsa ba, domin ba a ba da zakka a karɓi tukuici. In ya yi bakance cewa zai yi sadakar fam ɗin Sudan dubu goma, sayen kantun fam dubu goma bai sauke masa nauyin ba. Sai dai malamai sun san wani yanayi na tsakiya, wanda suke kira muhaba, wato mutum ya biya fiye da ƙimar kaya da saninsa don ya amfanar da mai sayarwa. Rarar nan kyauta suke ɗaukar ta, shi ya sa suke sa mata ido a cinikin mai ciwon ajali, kada ta cinye haƙƙin magada. Ashe ke nan kuɗin da mai sayen gireba ya miƙa suna iya rabuwa gida biyu. Abin da ya yi daidai da farashin kasuwa ya sayi abinci da shi. Abin da ya ƙara da gangan, ko canjin da ya ce a bar shi, wannan kyauta ce tsantsa, ba wanda ke jayayya a kan ladanta. Gardamar tana kan kaso na farko.

Masu cewa babu lada a cikinsa suna tsaye ne a kan ikhlasi. Hujjarsu ita ce aikin da aka yi don Allah ba ya son a gauraya shi da buƙatar rai, kuma wanda ya ji daɗin abin da ya saya ya riga ya karɓi sakamakonsa a baki. Maganar tana da nauyi, amma Alƙur'ani ya taɓa amsa irinta a kan ibadar da ta fi sayen kantu girma nesa ba kusa ba. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Ukaz da Majanna da Zul-Majaz kasuwanni ne na lokacin aikin Hajji tun zamanin jahiliyya, kuma da Musulunci ya zo sai mutane suka ji tsoron kada ciniki a wannan lokacin ya zama zunubi. A kan haka aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta sauka, ta ɗauke laifi daga alhajin da ya nemi arziki a tafiyarsa. Idan neman riba bai rushe Hajji ba, da wuya a ce ɗanɗanon sukari ya rushe niyyar wanda ya wuce shaguna goma masu irin wannan kaya, ya zo ya saya a hannun matasan masallaci don yana son kuɗinsa su faɗa can.

Hausawan Gadarif ba sa buƙatar a yi musu dogon sharhin wannan aya, domin a kanta tarihinsu ya ginu. Kakanninsu da yawa sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da Haɗeja da ƙasar Damagaram da ƙafa, da niyyar Makka, wasu tun kafin Turawa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Tafiyar takan ci shekaru, kuma ba mai guzurin da zai kai shi Sawakin ya ƙetare Bahar Maliya ba tare da ya tsaya neman kuɗi ba. Sun yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, sun yi noma a baƙar lakar Gadarif, musamman bayan da aka fara noman inji a yankin a tsakiyar shekarun 1940, mazansu sun gasa naman agashe, matansu sun soya gyaɗa sun sayar. Wasu sun isa, wasu sun haifi 'ya'ya da jikoki a hanya suka zauna. Ba wani malami mai hankali da ya ce Hajjin mutumin da ya tara kuɗin jirgin ruwa da cinikin gyaɗa ya ragu da komai, ko kuwa cinikin da ya yi da wannan niyya fanko ne a wurin Allah.

Malamin Malikiyya na Masar, Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya warware wannan ƙulli a littafinsa Alfuruƙ. Ya raba tsakanin riya da haɗa niyya. Riya ita ce a yi ibada don mutane su gani su girmama mai yi, kuma ita haramun ce mai ɓata aiki. Haɗa niyya kuwa shi ne a yi ibada tare da neman wani amfani halal da ba ya rataye da idon mutane, kamar mai Hajji da fatauci, ko mai azumin da yake fatan lafiyar jiki, ko mai alwalar da yake son sanyin ruwa. Wannan a wurinsa ba zunubi ba ne, bai kuma rushe aikin ba, ko da yake ladan wanda ya tsarkake niyyarsa daga komai ya fi yawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara wani abu da ya shafi zancenmu kai tsaye. A babin neman abinci na Ihya'u Ulumiddin, da yake lissafa hanyoyin kyautatawa a ciniki, ya sa a ciki mutum ya yarda a ɗan ci shi da tsada idan yana saye a hannun mai rauni ko matalauci. Ma'ana ita kasuwa kanta fage ce ta ihsani, ba sai an sauya wa ciniki suna an kira shi sadaka ba kafin a sami lada a cikinsa.

Akwai ƙalubalen da ya fi wannan ƙarfi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Aya ta 92 ta Suratu Ali Imrana ta ɗaura kaiwa ga nagarta a kan mutum ya ciyar daga abin da yake so. Da ta sauka, Abu Ɗalha ya ba da gonarsa ta Bairuha'u, wadda ta fi kowace dukiya soyuwa a gare shi. Mai sayen gireba kuwa karɓar abin da yake so ya yi, bai rabu da shi ba. Ga kuma labarin Sayyidina Umar, da ya ba da doki saboda Allah, wanda aka ba ya wulaƙanta shi, Umar ya so ya saye shi da araha, Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Darasin a fili yake: abin da aka bayar don Allah ba a son ya dawo wa mai bayarwa ta bayan gida. Na yarda da wannan duka, kuma saboda shi ne na ƙi kiran sayen sadaka. Wanda ya zaro kuɗi ya miƙa bai karɓi komai ba ya fi daraja, kuma haɗarin da ke cikin farantin taimako shi ne ya koya wa mutane cewa ba sa iya buɗe aljihu sai an sa musu zaƙi a baki, har mai hali ya riƙa jin ya sauke haƙƙin maƙwabta da sayen alewa. Amma wannan haɗari yana tasowa ne daidai lokacin da aka ruɗe shi aka ce masa sadaka ya yi. In an gaya masa gaskiya, cewa ciniki ne mai kyakkyawar niyya, ya san zakka da sadaka suna nan suna jiran sa.

Kuma duk wannan lissafi daga ɓangaren mai saye muke yin sa, alhali akwai mai sayarwa. A hanyar dawowa daga wani yaƙi, raƙumin Jabir ɗan Abdullahi ya gaji, shi kuwa saurayi ne da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da ƙanne mata. Manzon Allah (SAW) ya taya raƙumin, suka daidaita, ya bar shi ya hau har Madina, da suka isa ya biya shi har da ƙari, sannan ya mayar masa da raƙumin. Da ya so, da ya miƙa masa kuɗin tun farko. Ya bi ta ciniki ne domin saurayin ya karɓa kansa a ɗage. Haka Abdurrahman ɗan Aufu, da Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa bayan hijira, ya yi godiya ya nemi a nuna masa kasuwa, ya dawo da ribar cuku da man shanu. Matashin da ya shekara yana yawo da takardar neman taimako yana koyon wata sana'a ko bai sani ba: yadda ake lanƙwasa murya, da wane Alhaji ake samu bayan La'asar, da wane yabo ke buɗe aljihunsa. Wanda ya shekara da faranti yana koyon auna kaya da fitar da uwar kuɗi da jure ƙin mai saye. Duka biyun za su girma su riƙe unguwa, kuma ba sai an faɗa ba wanne aka fi son ya riƙe ta.

A nan ne zaɓen mai saye yake da aiki. Kantun ridi ba ya ɓoye ha'incin mai yin sa. Sai an wanke ridin an rege tsakuwa, an shanya ya bushe, an soya shi a busasshiyar tukunya har ya fara tsalle ƙamshi ya tashi, an narka sukari ya yi ja bai ƙone ba, sannan a juye a gauraya da sauri, a shimfiɗa a faranti mai ɗan mai, a murza da kwalba, a yanka tun da zafinsa, don in ya huce sai dai ya farfashe. Wanda ya yi kasala wajen regewa, haƙorin mai ci ne zai ba da labari. Wanda ya bar sukari ya wuce, ɗaci ne zai tona shi. To, mai sayen da ya ɗauka sadaka yake yi ba zai yi magana ba. Zai tauna tsakuwar ya yi shiru, ya ce ai don Allah ne, ko ya miƙa wa yaro a hanya. Badi kayan za su ƙara lalacewa, tunda ba wanda ya koka, har a wayi gari farantin ya zama ƙoƙon bara da aka yi wa murfi. Mai sayen da ya ce wannan nake so, wancan ba na so, shi ne ke tilasta wa matasan su gyara aiki. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya nesanta mai algus daga kansa. Bai tambayi mutumin me zai yi da ribar ba. Kyakkyawar manufa ba ta halatta tsohon mai ko ragin awo, hasali ma algus da sunan masallaci ya fi muni, domin an haɗa cutar mai saye da jingina ƙarya ga ɗakin Allah.

Mun san wani nau'in saye don taimako a ƙasar Hausa wanda ba ruwansa da kayan, wato ƙaddamarwa. Za a kawo littafi ko kalanda, a gayyato masu kuɗi, babban mai ƙaddamarwa ya tashi ya ce ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyan kaza, sanƙira ya maimaita a lasifika, a tafa. Sau da yawa littafin ba za a buɗe shi ba, wani lokaci kuɗin ma ba za su fito ba. Ba ni da ikon leƙa zuciyar kowa, amma tsarin kansa an gina shi ne a kan idon jama'a, wato ainihin abin da Alƙarafi ya ce shi ne mai ɓata aiki. Farantin kantu ya tsira daga wannan saboda ƙanƙantarsa: farashi ɗaya ne ga kowa, ba a kiran suna, kuma ba wanda ake girmamawa don ya sayi alewa. Abin da bai tsira daga gare shi ba shi ne kunya. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta shardanta yardar juna a ciniki, kuma Gazali da Ibn Hajar Alhaitami sun yi gargaɗi cewa abin da aka karɓa a hannun mutum don ya ji nauyin ƙi a gaban jama'a bai halatta ba. A Amurka ana kukan iyayen da ke kai takardar odar biskit ɗin 'ya'yansu ofis, ƙaramin ma'aikaci ya rasa yadda zai ce wa maigidansa a'a. A wurinmu abin ya fi tsanani, domin yaron da ya tare ka yana cewa Kawu ko Baffa, a gaban abokanka, ɗan ƙanwarka ne da gaske. Maganinsa shi ne a kasa kaya a wuri ɗaya mai so ya zo, a bar bin mutane majalisa-majalisa, kuma a koya wa yara cewa wanda ya ce ba ya so, a yi masa godiya a wuce.

Sai masu lissafi. Suna cewa in mutum ya ba da fam dubu kai tsaye, dubun ce ke isa asusu, in kuwa ya sayi ka'ak da ita, sukari da fulawa da mai da gawayi sun cinye mafi yawa. Wannan gaskiya ne, kuma akwai lokacin da shi kaɗai ne abin dubawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekarar, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira har makarantu suka zama masauki, ga kuma waɗanda suka tsero daga Tigray tun 2020 a sansanin Um Rakuba. Matasan da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da tukwanen ciyarwa na unguwa, waɗanda ake kira takaya, sun dogara ne da gudummawa tsantsa, mafi yawa daga 'yan'uwa na ƙetare ta manhajar tura kuɗi ta Bankak. Wanda ya tsaya gasa gireba don ya tara kuɗin ciyar da mai yunwar yau ya yi wauta, fulawar ma gara a yi burodi da ita. Amma buƙatun al'umma ba duka ne na gaggawa ba, kuma mai bayarwa yana gajiya. Aljihun da aka roƙa sau uku yakan rufe a na huɗu, alhali kuɗin shayi da abin taɓawa kullum sai sun fita, ko akwai ƙungiya ko babu. Ciniki yana karkato da waɗannan ne, kuɗin da ba su taɓa nufin zuwa akwatin sadaka ba. Uwar kuɗin da ake cewa ta salwanta kuma ba ƙonewa ta yi ba, hannun manomi da mai niƙa da mai gawayi ta shiga.

Wannan ma ya ba da amsar wane nau'i ya fi dacewa da ƙungiya a Gadarif, in an bar son baki gefe. Ka'ak da gireba kayan sallah ne masu daraja, mata kan taru a goman ƙarshe na azumi su murza su jera a manyan tire a kai gidan burodi a gasa, amma alkamar da ake yin su da ita mafi yawanta shigo da ita ake yi daga waje, kuma farashinta yana bin faɗuwar fam. Ridi kuwa a ƙofar gida yake. Jihar Gadarif tana cikin manyan wuraren nomansa a ƙasar, ana yankansa wajen Oktoba da Nuwamba cikin gaggawa kafin kwanson ya fashe ya zubar, kuma a kakarsa manomi ɗan unguwa zai iya ba da mudu biyu kyauta bai ji a jikinsa ba. Kantu ba ya son tanda, ba ya saurin lalacewa a zafin gabashin Sudan, kuma ribarsa ta fi tsayawa a gari. Duk da haka hukuncin ƙarshe na mai saye ne. In mutane suka nuna gireba suke so, ƙungiyar da ta nace wa kantu don ya fi mata sauƙi ta koma neman a tausaya mata.

Saura abu biyu da ke iya rushe duk abin da na kare. Na farko yara. Mun san talla, mun san yarinyar da ke yini da tire a ka tana tara kuɗin kayan ɗaki ajinsu yana tafiya babu ita, da irin mazan da take haɗuwa da su a tasha. In sayarwar ƙungiya ta zama talla da sabon suna, ba wata aya da za ta wanke ta. Sharaɗi ne a yi ta a lokaci ƙayyadadde, a wuri sananne, da babba a tsaye, ba a lokacin karatu ba. Na biyu amana. Faɗin cewa ribar ta masallaci ce ko ta mara lafiya ya shiga cikin abin da mai saye ya yarda da shi, don haka karkatar da ita zuwa rigunan 'yan kwamiti ko walimar ƙarshen shekara cin dukiyar mutane ne da ƙarya, ko da kantun ya yi daɗi. Dole a rubuta nawa aka kashe, nawa aka samu, nawa ya rage, a karanta a gaban jama'a. A cikin wannan lissafi kuma akwai layin da aka saba mantawa. Ribar da ake alfahari da ita sau da yawa ba daga kasuwa ta fito ba, daga ƙwadagon da ba a biya ba ne: uwar da ta tsaya a kan murhu tun hantsi, yayar da ta ƙona yatsa wajen yanka, maƙwabciyar da ta ba da aron tukunya da itacenta. In ana neman wanda ya bayar bai karɓi komai ba a duk wannan harka, su ne, kuma tunda sadaka ba ta inganta sai da yardar mai ita, wajibi ne a tambaye su tun farko ko sun bayar da wahalarsu ne ko suna son a biya su, a kuma karɓi amsar da suka bayar ko da za ta rage abin da zai shiga asusu.